Ga ɗan'uwan da ke tunanin barin ɗinkin takalma

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji ɗinkin takalma daga mahaifinka, yanzu kuma takalman masana'anta da ake shigo da su daga waje sun karya maka kasuwa, shi ne kake tambaya ko fasahar zamani da cuɗanyar kasuwannin duniya za su bar wa aikin hannu gurbi, ko kuwa ka tattara kayan aiki ka nemi wata hanyar abinci. Ni ba baduku ba ne, amma irin wannan guguwa ta taɓa bi ta kaina.

Na shafe shekara 14 ina wankin hoto. Mutum zai kawo fim ɗinsa mai cin hoto 36, in shiga ɗakin duhu in haɗa ruwan magani, in auna zafinsa, in wanke, in shanya a igiya, shi kuwa ya dawo bayan kwana biyu bai ma san ko idonsa a rufe ya fito ba. Da kyamarar da ba ta buƙatar fim ta bazu, daga baya wayar hannu ta haɗiye ita ma, sai da ta kai ina zubar da maganin da ya lalace a kwalba ba tare da ya taɓa fim ko ɗaya ba. Na daɗe kafin in gane cewa mutane ba su daina son hoto ba, hasali ma sun ƙara ɗaukarsa. Wankin da nake ci da shi ne aka zare daga tsakiya. Manya ma sun yi wannan tuntuɓe. Injiniyan Kodak, kamfanin fim da kyamara na Amurka, wato Steven Sasson, shi ya ƙera kyamarar dijital marar fim a 1975, amma da yake ribar kamfanin tana cikin fim, kamfanin ya yi ta jan ƙafa har a Janairun 2012 ya garzaya kotu neman kariya daga masu bin sa bashi.

Naka lamarin ya ɗan bambanta, domin takalmi yana nan yadda yake. Abin da ya rushe shi ne katangar nisa, wadda ita ce ta riƙa kare mahaifinka ba tare da ya sani ba. A da, lodin jirgin ruwa da hannu ake yi, buhu bayan buhu, jirgi ya yi kwanaki a tasha, kuɗin dako kuma ya hau kan kaya. A 1956 wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a jirgi daga birnin Newark zuwa Houston a Amurka, daga nan dako ya fara araha. Da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disambar 2001, sai masana'antar da ke fitar da dubban takalma a yini ta zama tamkar maƙwabciyarka. Kada ka yi gasar araha da ita, domin sai dai ka ci uwar kuɗi ka tashi a tutar babu.

Masu ƙera agogo na Suwizalan sun sha irin wannan ɗaci bayan kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai batir a 1969. Ma'aikatan wannan sana'a, waɗanda suka kai kusan 90,000 a 1970, sun koma kashi ɗaya cikin uku a tsakiyar shekarun 1980. Da yawa daga cikin kamfanonin da suka rayu sun koma sayar da agogo a matsayin kayan ƙawa da ake ajiyewa don gado. Masu ba da wannan labari sukan manta da kashi biyun da suka rasa aiki, ni kuwa ba zan ɓoye maka ba: sana'arku za ta rayu, amma ba za ta ciyar da yawan mutanen da ta ciyar a da ba.

Abin da ya cece ni shi ne gyaran tsofaffin hotuna. Mutum zai zo da hoton mahaifiyarsa da ta rasu, ya yage, ruwa ya ci gefensa, in shigar da shi kwamfuta in zauna awa uku ina maido da fuskar. Na'urar da ta kashe mini kasuwa ita ce ta zama kayan aikina. Kai ma ka duba wanda masana'anta ta manta da shi: mai faɗin ƙafa, mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, mai takalmi mai tsada da yake so a sake masa ƙasa. Ka ɗauki hoton aikinka a haske mai kyau, ka nuna ɗinkin kusa, mai saye daga nesa ya zana ƙafarsa a takarda ya turo maka da awon. Sai dai shafukan saye da sayarwa na intanet suna yankar kaso, suna kuma sauya ƙa'ida ba tare da shawara da kai ba, don haka duk wanda ya saya a hannunka ka rubuta sunansa, lambarsa da awon ƙafarsa a littafinka na kanka.