Kawu, a Nan Babu Babban Mai Ƙaddamarwa

Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na ga tambayoyinka a kan hoton takardar nan da aka manna a ƙofar kantin littattafan unguwarmu. Ka ce ka duba sama da ƙasa ba ka ga sunan babban mai ƙaddamarwa ba, ba uban taro, ba babban baƙo na musamman, kuma kana mamakin yadda ɗan kanti guda zai jera taro kusan kowane mako, wa ke ɗaukar nauyi? Sannan ka zolaye ni cewa ko mu Hausawan Landan kallo kawai ke kai mu.

Wanda ya rubuta takardar bai yi mantuwa ba, babu su ne. Abin da ake yi a nan ya sha bamban da ƙaddamarwar da ka saba halarta a Arewa House ko a zauren otal, inda attajiri zai karɓi makirufo ya ce ya sayi kwafi goma a kan miliyan kaza, a tafa, wani lokacin ma kuɗin su tsaya a fatar baki. A nan idan an rubuta fam 20 a bayan littafi, fam 20 ɗin kowa zai biya, ɗan majalisa ne ko direban bas.

Kantin namu bai fi shago biyu na kasuwar Sheikh Gumi ba idan an fasa bangon tsakiya. Ƙarfe shida ake rufe ciniki. Sai mai kantin, wata dattijuwar Baturiya, da yarinyar da ke taya ta su ture kantocin tsakiya gefe, dama don haka aka sa musu taya a ƙafa, su fito da kujerun naɗewa daga ɗakin baya. Talatin ne ko arba'in, ba su wuce haka. Ƙarfe bakwai a fara, kuma in an ce bakwai to bakwai ɗin ce. Marubuci ya miƙe ya karanta shafi huɗu ko biyar, ya zauna, wani ya yi masa tambayoyi kamar hirar gidan rediyo, sannan a ba masu sauraro dama. Kafin takwas da rabi an gama, an ja layi gaban ɗan teburi, yana tambayar kowa sunansa yana rubuta masa a shafin farko ya sa hannu. Ba jawabin maraba, ba gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba mai sharhin littafi da zai riƙe makirufo har la'asar ta kufce wa jama'a.

Cunkoson da ka gani a takardar kuwa lokaci ne ya kawo shi. A ƙasar nan ranar Alhamis aka saba fitar da sababbin littattafai, kuma sun fi yawa a watannin Satumba da Oktoba saboda ana hangen cinikin Kirsimeti. Shi ya sa ka ga mai waƙoƙi, ga mai littafin girke-girke, ga wani da ya rubuta tarihin unguwar, duk a jere.

Maganar wa ke biya, nan ne za ka yi dariya. Tikitin shiga fam 5 ne zuwa 10, kuma sau da yawa idan ka sayi littafin sai a cire maka kuɗin tikitin. Shi marubucin galibi ba a ba shi ko sisi don ya zo. Kamfanin da ya buga littafin zai iya biya masa kuɗin jirgin ƙasa, shi kenan. Rabonsa yana cikin la'adar da kamfanin ke ba shi, wadda ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 na farashin littafi ba. Ka lissafa: mutum ya baro wani gari, ya sayar da kwafi ashirin na fam 20, abin da zai shiga aljihunsa kamar fam 40 ne, shi ma ba a daren ba. Mai kantin ita ce ke ɗan ganin haske, don tana saro littafin da rangwamen da ya kai kashi 40 cikin 100 ko ya ɗan haura, wanda bai sayu ba kuma ta mayar wa kamfani.

To me ya sa ake wahalar? Sai an koma baya kaɗan. Tun 1900 akwai yarjejeniya tsakanin masu buga littattafai da masu sayarwa a Birtaniya cewa ba mai karya farashin da aka yanka. Ta fara wargajewa a 1995, kotu ta soke ta a 1997. Manyan kantunan kayan masarufi suka shiga sayar da littafi a rabin kuɗi, Amazon mai sayarwa ta intanet kuma ta buɗe a ƙasar a 1998. Ƙungiyar masu sayar da littattafai ta Birtaniya da Ireland tana da ƙananan kantuna masu zaman kansu 1,894 a 1995, amma zuwa 2016 saura 867. Daga baya sun ɗan farfaɗo, har suka kai 1,072 a ƙarshen 2022. Waɗanda suka rayu sun gane ba za su iya gogayya ta wajen araha ba, sai suka koma sayar da abin da ba a aikowa a kwali: ka zauna taku biyu da wanda ya rubuta littafin, ka yi masa tambaya, ya amsa maka. Don haka taron nan, a ganina, na kantin ne kafin ya zama na marubucin. Taron ne ke biyan kuɗin haya.

Wannan ne abin da ya fi ɗaukar mutanenmu lokaci kafin su gane. Ka san halinmu da littafi: mutum ɗaya ya saya, gida biyar su karanta, bango ya fita a ɗinke da zare. Ga kuma waya a hannu, wani zai ɗauki hoton bangon yana zaune a kujerar mutane, ya yi oda ta intanet don ya rage fam 6. Wata Hajiya a cikinmu, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ita ta tsaya kai da fata a kan wannan. Ta ce wanda ya san ba zai saya ba ya zauna a gida, in kuma kuɗin ne babu, a haɗa mutum biyu a sayi ɗaya, amma a hannun mai kantin. Yanzu abin ya zama kamar doka a tsakaninmu, ba wanda ke son a gan shi ya fito hannu rabbana.

Lokaci ma an sha fama. Mukan iso bakwai da rabi, mu shigo da sallama, a tsaya tambayar gida da yara alhali baiwar Allah tana tsakiyar karatu. Turawan ba za su ce komai ba, sai dai ka ga wuya yana juyowa. Yanzu idan ana sanarwa a zaurenmu na WhatsApp, shida da rabi ake rubutawa, a gama gaishe-gaishe a bakin titi.

Akwai abubuwa biyu da na san za su tsaya maka a rai. A irin wannan taro akan ajiye teburi a lungu da kofunan giya da na lemo. Wasu daga cikinmu saboda haka ba sa zuwa sam, kuma ba mai ganin laifinsu. Wasu kuma mukan je, mu ɗauki lemo ko ruwa, mu zauna nesa da teburin. Sai salla. A Disamba magariba na yi tun wajen ƙarfe huɗu, ka ga kafin bakwai mun yi isha'i ma. A Yuni kuma sai bayan tara rana ke faɗuwa, an tashi da daɗewa. Matsalar tana zuwa ne a tsakani, wajen Afrilu da Satumba, lokacin da magariba ke faɗowa daidai tsakiyar taro. Mai kantin ta saba da mu yanzu. Da ta ga mutum ya duba agogo ya miƙe, sai ta nuna masa ƙofar ɗakin baya da ido. Can tsakanin kwalaye ake shimfiɗa darduma, mutum biyu-biyu, don wurin ba ya ɗaukar sahu.

Abin da ka kewaye da biro a ƙasan takardar, na yammacin Lahadi, wannan namu ne. Lahadi muka roƙa saboda yawancin matanmu aikin asibiti da kula da tsofaffi suke yi, daren Alhamis suna bakin aiki, kuma su suka fi maza karatu nesa ba kusa ba. A ranar ana ɗauke giyar, mu kawo zoɓo da cincin. Ƙosai kam an hana, tunda aka ga shatin yatsu na mai a bangon wani sabon littafi. Ana farawa da yara, a zaunar da su a ƙasa, wata uwa ta ce "Ga ta nan ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta" da wani irin lanƙwasa harshe na 'yan Landan da in ka ji sai ka riƙe ciki. Rabin labarin Gizo da Ƙoƙi sai an maimaita musu da Turanci, amma suna zama har ƙarshe, kuma nan ne kaɗai wasunsu ke jin Hausa daga bakin da ba na iyayensu ba. Bayan su sai manya, a karanta waƙa ko babi ɗaya, a yi ta muhawara har mai kantin ta fara naɗe kujeru.

Kada ka ce mun zama Turawa gaba ɗaya. Idan baƙon daga gida ya zo, daga Kaduna ko Kano ko Damagaram, ba ma iya barinsa ya tafi da la'adar fam 40. Bayan an tashi akan wuce da shi gidan wani, a ci tuwo miyar kuka, sannan a damƙa masa ambulan da aka riga aka zagaya da ita a ɓoye. Ba a kiran suna, ba a faɗin adadi. Ni dai wannan ya fi kwanta mini a rai fiye da na makirufo, domin wanda ya sa fam 10 da wanda ya sa 200 duk godiya ɗaya ake yi musu.

Ba mu muka fara jingina da kantin unguwa ba. Mutanen Karibiyan sun riga mu da nisa. New Beacon Books da ke titin Stroud Green, kusa da Finsbury Park, John La Rose ɗan ƙasar Trinidad da Sarah White ne suka kafa shi a 1966, kuma ya zama matattarar marubuta baƙaƙen fata shekara da shekaru. A Disamban 2021 aka sanar za a rufe shagon saboda ciniki ya ja baya, cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara dubban fam aka fasa. Mu ba mu da irin wannan. Ba mu kai Yarabawan Peckham yawa ba, kuma a warwatse muke, shi ya sa muke raɓe a kantin wasu.

Ka ce ai Kaduna ma ana yi, kuma gaskiyarka. An fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, bikin littattafan Hausa na HIBAF ya biyo baya a 2021, ga karatun da 'yan ƙungiyar marubuta ta ANA kan shirya. Amma bukukuwan nan na shekara-shekara ne, sai an samu mai ɗaukar nauyi. Wanda nake ba ka labari kuwa ɗan kasuwa ne ke yi a shagonsa don cinikinsa ya tafi. Ina yawan tuna masu kasa littattafai a bakin masallacin Sultan Bello ranar Juma'a. Jama'ar da mai kantinmu ke fafutukar tarawa wata guda, su a awa ɗaya take wucewa ta gabansu.

Sai saƙon abokinka malamin makarantar nan da ke son a kawo littafinsa. Ka gaya masa babbar matsalar ba nisa ba ce. Kantunan nan ta kwamfuta suke oda daga manyan 'yan sari irin su Gardners da ke Eastbourne, yau a yi oda gobe ko jibi kaya su iso, kuma da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ake nemo kowane littafi. Da yawa daga cikin littattafanmu na Hausa ba su da ita, don haka a wajen kwamfutar tamkar ba a taɓa buga su ba. Za ka iya samun tarin littattafan adabin kasuwar Kano a ɗakin karatu na jami'ar SOAS da ke nan Landan, amma ba za ka same su a kanta ana sayarwa ba. Namu duk a akwatin matafiya suke zuwa, suna rabon kilo 23 da daddawa da kuɓewa busasshiya, mu ajiye wa mai kantin, abin da ya sayu a raba yadda aka shirya.

Saboda haka ya nemi lambar a Hukumar Ɗakin Karatu ta Ƙasa, ita ke bayarwa a Najeriya, a buga ta a bangon baya. Ya ƙara da taƙaitaccen bayani da Turanci, layi uku ko huɗu, don mai kantin ta san abin da ta ɗora a kantarta. Kwafi goma sun isa a fara da su, kuma a naɗe su a leda, kada a haɗa su jaka ɗaya da man shanu. A gaida Inna da yara.