Tambaya da Amsa: Me Ake Koyarwa a Makarantar Bokayen Nan ta Fim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 10, tun da ya kalli Harry Potter a wayar yayansa ya fere reshen darbejiya, yana nuna ƙannensa da shi yana wasu surutai. Jiya fitilar ɗakina ya nuna wai zai kunna ta. Me ake koya wa yara a makarantar nan, kuma abin da yake faɗa sihiri ne na gaske?
Maman Abba, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumussalam, Maman Abba. Kwantar da hankalinki. Makarantar, Hogwarts, babu ita a doron ƙasa. Marubuciyar Birtaniya J.K. Rowling ce ta ƙago ta a littafin da ya fito a 1997, aka mai da shi fim a 2001. Kalmomin da Abba ke rerawa ma ita ta harhaɗa su, galibi daga tsohon harshen Latin. Ina kyautata zaton "Lumos" ya ce wa fitilarki. Ko a labarin, kan sanda kawai kalmar ke haskawa, don haka ya faɗi jarrabawa.

A ganina makarantar kwana ce ta Turawan Ingila aka sa wa rigar bokaye. Yaro na shiga yana ɗan shekara 11, ya yi shekara 7. Akwai gidajen ɗalibai huɗu, akwai aikin gida, akwai horo ga wanda aka kama yana yawon dare. An kuma hana su taɓa sihiri a wajen makaranta sai sun cika 17.

Darasin farko a ajin Malama McGonagall, bayan sun cika takardu da rubutu, sai aka raba musu tsinken ashana a ce su mai da shi allura. Har aka tashi, wata ɗaliba mai suna Hermione kaɗai ta sa nata ya yi tsini ya ɗan yi ƙyalli. A ajin Malam Flitwick, gajeren nan da sai ya hau tarin littattafai yake hango ɗalibansa, sun daɗe suna koyon karkaɗa hannu kafin a ajiye musu gashin tsuntsu a ce su ɗaga shi sama. Wani ɗalibi, Ron, ya yi ta wulwula hannu yana ihu, gashi ko motsi. Ɗan ajinsu Seamus ya ƙosa ya tsokani nasa da sanda, sai ga wuta. Hermione, wadda ta zauna ta haddace darasi, ta gyara wa Ron furuci, ta ɗaga nata, ta kuma sha baƙar magana daga bakinsa bayan an tashi. Kowane aji da irin wannan yarinya. A jarrabawar ƙarshen shekara kuwa abarba ake ba ɗalibi ya sa ta taka rawa a kan tebur.

Kin ga ko a tatsuniyar babu abin da ke samuwa sai da bita, kuma nan zan so ki kama Abba. Ki tambaye shi wa ya iya ɗaga gashin, kuma me ya sa.

Batun addini ba na wasa ba ne. Sihiri haramun ne, kuma ya kamata yaro ya ji haka daga bakinki, ya san wannan ƙage ne kamar labarin Gizo da Ƙoƙi. Ko ya dace ya ci gaba da kallo, wannan naku ne ke da mahaifinsa da malaminsa na Islamiyya. Akwai iyayen da suka hana, har a Amurka, kuma ban ga laifinsu ba.

In kun bar shi, ku tsaya a fim na farko da na biyu tukuna. Daga na huɗu labarin ya yi nauyi, akwai azabtarwa da kashe ɗalibi, shi ya sa a Birtaniya ɗan ƙasa da shekara 12 bai shiga kallonsa a silima a 2005 ba sai da babba.