Alhaji, kada ka ɗora wa Land Cruiser ɗin nan ƙaramin inji

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce tsohuwar Land Cruiser ɗinka a-kori-kura, mai injin gas 1HZ, wadda kake ɗibar riɗi da dabbobi da ita daga ƙauyukan Gumel zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, kuma sau biyu tana tafasa ruwa. Bakanikenka ya ce a sauke injin a ɗora mai fistin huɗu irin na Hilux, don ya fi araha. Kana tambaya: gyara, ko canji?

Ni dai na riga ka faɗawa wannan ramin, bari in ba ka labari.

Tawa irin taka ce. A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta cinye gonakin ƙasar Haɗeja, yarona ya kutsa da ita wani kududdufi a hanyar Guri, yana ganin bai wuce gwiwa ba. Inji ya zuƙi ruwa ya mutu. Da ya haƙura a nan, da sauƙi. Sai ya tara matasan gari suka tura, ya saki kuloci da ƙarfi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe, ta fasa bulok, wato gangar jikin injin. A-kori-kurar da ke jan wasu, ranar tarakta ce ta jawo ta gida.

Da na je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, na ji kuɗin 1HZ ɗan Beljiyam, sai da na nemi benci na zauna. Nan wani ya nuna mini 3L na Hilux, ya ce ai duk Toyota ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na biye wa araha, na manta ba ta ado. Mazaunin inji bai hau ba, aka kira mai walda ya yanka ya ƙara. Bakin giyabos bai haɗu da bayan inji ba, aka yanko faranti aka huda aka haɗa su da ƙarfin tsiya. Salansa, wayar totur, tiyon lagireto, kowanne sai da aka yi masa dabara, kuma kowace dabara da kuɗinta. A kwalta, ba kaya, motar tana tafiya lafiya lau, har na fara yi wa kaina kirari. Ranar da muka lafta mata buhunan gero muka shiga rairayin da ke tsakanin ƙauyukanmu, nan asiri ya tonu. 1HZ fistin shida ne, lita 4.2, ƙarfinsa yana fitowa tun inji na ƙasa-ƙasa, shi ya sa yake ratsa yashi yana gurnani kamar ba abin da ya dame shi. 3L lita 2.8 ne, an yi shi don mota marar nauyi. Sai ka sa giyar taimako, ka take totur har ƙasa, inji na kuka, allurar zafi na hawa. Man da aka ce zan rage ban rage ba, domin jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi ba ya rage ci. Farantin nan kuma bai zauna daidai tsakiya ba, kuloci biyu na ci kafin kaka ta zagayo. Ƙarshe na sayar da tumaki na koma 1HZ, wato na biya kuɗin inji sau biyu. Shi 3L ɗin yana nan wani ƙauye kusa da mu yana juya injin casar shinkafa, kuma wallahi a can ba shi da laifi.

Masu ce maka ka koma fetur don gas ya yi tsada, ka tuna musu tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya canza. Ga famfon mai, tanki da wayoyi duk sai an taɓa.

Amma ni ban ma yarda injinka ya mutu ba tukuna. Nawa bulok ya fashe, naka yana tashi yana aiki. Gobe da asuba, kafin ya ɗumama, ka tayar da shi ka tsaya a baya. Baƙin hayaƙi yawanci nozul ne mai fesa gas cikin inji, ko famfon injekta, ko matatar iska da ƙura ta toshe, duk ba sa bukatar sauke inji. Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen baƙin mai, shi ne ringin fistin. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai yana aiki, ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba: in yana rawa kaɗan, da sauransa, in hucin yana cilla shi, ringi sun gama. Sannan, tun inji na sanyi, ka buɗe lagireto ka leƙa. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage, kuma tafasar nan biyu da ka faɗa ta sa na fi zargin nan. In bulok da karanshaf lafiya suke, a yi masa ringi, metal (abin da karanshaf ke juyawa a kai) da gasket, a kai kan injin a gwada shi a daidaita. Ka san tarihin injinka. Na kasuwa an wanke shi da fetur ya yi sheƙi, ba ka san abin da ya gani ba.

In kuwa an buɗe an ga ba ya gyaruwa, ka nemi 1HZ ɗan'uwansa. Tun 1990 ake yin sa, yana cikin Land Cruiser iri-iri da bas ɗin Coaster, ba zai gagara a Kano ba. Sai dai ka lura, wasu na batir biyu ne, bolt 24, kuma kaskon baƙin man ƙasa yakan bambanta, don haka kada ka yar da tsohon injinka: sitata, caja, hitar tayar da inji da kasko duk za ka iya kwasowa daga jikinsa. Ka je da bakanikenka, a cire murfin sama ka ga ko ciki ya yi kwalta, a tayar da shi a ƙasa a gabanka. A rubuta lambar inji da kwanakin garanti a rasit, don takardun mota da masu tsaron hanya.

Wajen saukewa, mu a gindin darbejiya muka rataya sarƙar ɗaga inji. Yana rabuwa da giyabos reshen ya yi ƙara, kowa ya watse, Allah ne ya tsare ƙafar wani yaro. Ku kafa ƙarfe uku masu kauri, ku ajiye tsohuwar taya ya sauka a kai. Ka ɗauki hoton kowace waya da tiyo kafin a cire, notuna a gwangwanayen madara daban-daban. Kuma kada a bar shi a buɗe a iskar hunturu. Yashin da ya shiga metal tun ranar ɗauri, shi ke cinye aikin. A rufe da buhu ko leda kullum aka tashi.

Abu biyu da ba na sassauci a kansu. Bel ɗin taimin: sabo za a sa, ko mai sayarwa ya rantse. Ƙa'idarsa kilomita 100,000, kuma motocinmu mitarsu ta daɗe da mutuwa. In ya tsinke, fistin da bawul ne za su yi karo. Sai lagireto: wanda ya dafa tsohon inji zai dafa sabo. A kai a buɗe shi a zure, a duba famfon ruwa da fanka, a daina ɗura masa ruwan rijiya mai kanwa.

Ka ɗauko mana bidiyon hayaƙin da na murfin nan gobe da safe, Alhaji, ka turo. Kafin nan kada ka ba kowa kafin alƙalami.