Yadda za ka sa manoma su saurare ka

Ɗan'uwa, ka ce kai malamin gona ne, idan ka tara manoma a ƙauyukan Giwa kana bayanin ajiyar wake sai ka ga ana hamma, wasu na sulalewa, kana tambaya ko ba da labari zai taimaka. Ƙwarai kuwa.

Ni ma na sha fama da wannan lokacin da nake fita aiki daga Samaru. Wata rana na ajiye takardata, na ce musu: "Akwai manomin da ya zuba wakensa a buhu bayan girbi, yana jiran farashi ya tashi ya aurar da 'yarsa. Ranar da ya kwance bakin buhun..." sai na yi shiru. Wani dattijo ya ce, "Ƙwari sun cinye!" Daga nan su suka riƙa jan zancen. Sai a lokacin na fito da buhun PICS, na nuna ledoji biyu na ciki da buhun waje, na ce in an ɗaure kowanne daban iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

Ka tuna yadda muke amsa "ta zo mu ji ta" idan kaka ta fara tatsuniya. Manya ma suna son a bar musu gurbin amsawa. Mutum ɗaya ya isa labari, da abin da yake tsoron rasawa. Amma don Allah in misali ne ka ce misali ne, kada ka ce ya faru. Kuma ka gajarta, musamman in la'asar ta gabato.