Haɗa hot rod irin ta da da kayan gwangwan

Ɗan uwa ka ce kana Amurka, kana so ka haɗa hot rod, wato tsohuwar motar da ake sake wa fasali a ƙara mata gudu, irin ta da amma aljihu ba nauyi, daga ina za ka fara? To gaskiya cire ranka daga Ford ta 1932, tsadarta ta wuce misali. Nemi Ford Model A, samfurin 1928 zuwa 1931, ita ce ta talaka, ko bodin ya ci tsatsa ba komai in dai ƙarfen ƙasan da ke ɗauke da motar bai ruɓe ba kuma ka iya walda da kanka, don kuɗin mai walda kaɗai sai ya cinye ka.

Inji kuwa, na gargajiya shi ne flathead V8 na Ford, inji mai silinda takwas, 1932 zuwa 1953, amma fa yana yawan tsagewa, kar ka biya sai an duba maka shi. In ya gagara saka injin Chevrolet da ake kira Chevy 350, yana nan birjik wajen masu tsofaffin motoci, duk da ƴan gargajiya za su yi maka tsiya.

Birki ne ban yarda a yi masa rowa ba wallahi. Na Model A na sanda ne, canza shi da mai amfani da mai na Ford 1939 zuwa 1948. Kuma ka tabbatar motar na da takardu kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya. Fenti ya jira.