Tsutsa a cikin blueberry

Salam Hajiya, kin ce blueberry ɗinki ('ya'yan itacen nan ƙanana masu launin shuɗi) a jihar Michigan ta Amurka na yin laushi, kina fasawa sai ga farar tsutsa, to ina kyautata zaton ƙudan spotted wing drosophila ne. Namijin na da ɗigon baƙi a fiffike, macen ce ke huda 'ya'yan da suka fara nuna ta zuba ƙwai. Ki rataya kofi mai ɗauke da binigar tuffa da ɗan sabulu a inuwar shukar, za ki ga ƙudajen sun faɗa ciki. Ni dai feshi bai cika burge ni ba, gara ki riƙa tsinka kullum ki sa a firij, waɗanda suka zube kuma ki ƙulle a leda, baɗi ki rufa raga mai ƙananan idanu tun suna ɗanye.