Kakin yaƙin Bama a cikin gem: wane rodi-rodi ne daidai?

Tambaya: Malam, ina so in yi wa sojana a Arma 3, gem ɗin yaƙi na kwamfuta, kaya irin na sojojinmu da suka je yaƙin Bama (Burma, wato Myanmar ta yau). Na sauko da tarin sikin (zanen kayan da ake ɗora wa soja a gem) na rodi-rodin Yaƙin Duniya na Biyu daga Steam Workshop, dandalin da 'yan gem ke raba irin waɗannan kaya, kala-kala ne a ciki. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ɗauki ko ɗaya. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta kai su yaƙar Japan a Bama daga 1943 zuwa 1945, ba rodi-rodi suka sa ba. Kaki ne mai launi ɗaya, ruwan ƙasa ko koren daji, da hula mai faɗin baki. Abin da zai sa masani ya gane sojanka shi ne tambarin kafaɗa. Na runduna ta 81, wadda ta yi gumurzu a kwarin Kaladan, baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Na ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye cikin gammo.

Masu haɗa sikin su suka jawo wannan ruɗani, don rodi-rodi ya fi ɗaukar ido a allo. Amma a wancan yaƙin yawancin sojoji, har na Amurka da Jamus, launi ɗaya suke sawa. Rodi-rodi na wasu rukunoni ne, kuma kowane zane da mai shi da shekararsa. Italiya ta fito da nata a 1929, Jamus ta biyo da Splittertarn mai kusurwa-kusurwa a 1931, kuma dukansu a kan tamfol ɗin tanti aka fara buga su. Tarayyar Sobiyet tana da mai manyan dabbare, akasari na 'yan leƙen asiri da gwanayen harbi. Amurka ta yi mai kama da fatar kwaɗo a 1942, ciki da bai, kore don daji, ruwan ƙasa don bakin teku, kuma a tsibiran Fasifik aka fi ganinsa. Na Ingila shi ne rigar Denison ta sojojin da ke dirowa daga jirgin sama da laima. Ka ga ke nan, in ka ɗora wa sojan yaƙin Bama ɗaya daga cikinsu, ka ba shi aron riga ne kawai.

Akwai wanda nake so ka yi hattara da shi: mai ƙananan ɗige-ɗige kamar wake, Erbsenmuster na 1944. Yana da kyau a ido, shi ya sa ya cika irin waɗannan tarin, to amma na Waffen-SS ne, dakarun jam'iyyar Hitila da kotun Nuremberg ta ayyana ƙungiyarsu a matsayin ta masu laifi. Sau da yawa akan liƙa masa alamominsu a kwala, kuma dokar Jamus ta hana yaɗa waɗannan alamomi sai a wasu keɓaɓɓun dalilai kamar ilimi da fasaha. In za ka raba aikinka ga jama'a, duba kwala da hula tukuna.

Ga aikin kansa kuwa, a ganina launi ɗaya ya fi rodi-rodi wuya, domin babu inda za ka ɓoye kuskure. Kada ka zuba kore ɗanye shar. Rana da gumi da ruwan damina sun sa yadin ya koɗe, don haka ka ɗan haskaka kafaɗu da gwiwoyi, ka duhunta hammata da gadon baya, ka sa laka a ƙafar wando. Riga da wando ma kada launinsu ya zo ɗaya sak. Manhajojin zane GIMP da Blender sun isa wannan, kuma kyauta ne. Hotunan lokacin akasari baƙi da fari ne, waɗanda aka yi wa kala daga baya ba abin dogaro ba ne. Hoton ainihin rigar da ke ajiye a gidan tarihi irin Imperial War Museum na Landan ya fi.

Arma 3 ta yarda da irin wannan gyara. Amma kada ka gwada sauya fayil a gem ɗin gasa na intanet, nan take za a iya rufe maka asusu.